Ra'ayinmu: A Hannun Wa Asirin 'Yan Fanshonmu Yake Kwana?

'Yan'uwa, duk wanda ya saba bin hanyar Sifawa zuwa Bodinga, ko daga Shagari zuwa Sakkwato, ya san su: dattawa da ambulan ɗin takardu a hammata, sun nufi shagon kwamfuta domin a duba musu maganar fansho. Dattijo zai zauna a benci, ya miƙa wa yaron shago lambar fanshonsa da ta asusun banki da ta katin ɗan ƙasa, wani lokaci har da wayarsa. A gama, ya biya, ya yi godiya ya tafi. To, bayan tafiyarsa, a ina waɗannan lambobi suke kwana?

Bari mu tuna yadda aka zo nan. A shekarar 2004 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar PenCom, aka buɗe wa ma'aikaci asusun ritaya na kansa a kamfanin kula da fansho. Dokar 2014 ta mai da abin da ake zubawa kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Yau yawancin kamfanonin suna da shafin intanet ko manhajar waya inda mutum zai ga abin da ya taru. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari kuwa, kamar 'yan sanda da ma'aikatan kwastan da na gidan yari, suna hannun hukumar PTAD. Ita ma ta gwada tsarin I Am Alive, wato "Ina Raye", a 2021, ta buɗe shi sosai a 2023. Ɗan fansho zai shigar da lambar fanshonsa da ta asusun banki, a ɗauki hoton fuskarsa ko zanen yatsansa, a tabbatar yana nan da rai.

Ba mu ƙi wannan ci gaba ba. Mun ga iyayenmu suna wuni a layin tantancewa cikin zafin rana, masu ciwon ƙafa da masu hawan jini. Mun kuma san an sha wawure kuɗin fansho: a 2021 kotu a Abuja ta yanke wa Abdulrasheed Maina ɗaurin shekara 8 kan kuɗin 'yan fansho. Tantancewa dole ce, sauƙaƙa ta kuma alheri ne.

Damuwarmu ita ce, an tsara abin kamar kowane tsoho yana da babbar waya, yana ganin ƙananan rubutu, yana kuma jin Turanci. A ƙauyukanmu ba haka ba ne. Saboda haka kusan kullum akwai hannu na uku tsakanin dattijo da asusunsa: mai shago, ko mai POS, ko jika, ko ɗan maƙwabci. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma ɗaya ya isa. Kwamfutar shago tana iya riƙe lambar sirri bayan mutum ya tashi. Kwafin takardar da aka bari a tebur yana iya ƙarewa wurin mai ƙosai. Wanda ya riƙe layin wayarka kuwa, da ya danna *565*0# zai ga lambarka ta BVN, kuma shi zai karɓi lambar OTP da banki yake turowa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tsagewar ba a ƙasa kaɗai take ba. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafuffukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Nijeriya, wani a kan naira 100 kacal. Wannan ya faru ne bayan an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowa ikon kai ƙara idan an yi wasa da bayanansa. Doka tana nan, saura aiki da ita.

Ga shawararmu ga iyayenmu. Ku zaɓi mutum ɗaya amintacce mai taimaka muku, ku zauna kusa da shi har a gama. Kada ku rubuta lambar sirri a jikin katin ATM ko a bayan takardar fansho. Idan an shiga asusunku a shago, ku tabbatar an fita, ku kwashe kowace takarda, har wadda ta lalace. Ku sa wa layin wayarku lambar kulle. Idan wayar ta ɓace, a sanar da banki da kamfanin waya a ranar. Duk wanda ya kira ya ce daga ofishin fansho yake, a karanto masa OTP ko a tura kuɗi kafin a saki bashin fansho, ɗan damfara ne. Ku kashe wayar.

Ga matasanmu kuma: wanda tsoho ya miƙa wa lambarsa, amana ya ɗauka. Ka taimaka, ka mayar da takarda, ka manta da lambar.

Muna roƙon PenCom da PTAD su samar da shafuffukan da Hausa, su riƙa turo ma'aikatansu masu katin shaida zuwa sakatariyar Bodinga da ta Shagari a ranakun da aka sanar, domin kada dattijo ya tona asirinsa kafin ya ci guminsa.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda ba ya gani. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya tsare mana iyayenmu.