Ra'ayinmu: Ɗakin Karatun Jami'a Shi Ne Kwamfutar Ɗan Malami

Kowace shekara muna yaye ɗalibai, mu raka su da addu'a zuwa jami'o'i, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan cikinmu. Da zarar sun isa, za a ce su buga aiki da kwamfuta, su nemo maƙala a intanet, su haɗa kai su biyar ko shida su gabatar da nazari. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, alhali kwamfutar hannu mai ɗan dama-dama ta ninka wannan kuɗi. Ga ɗan malamin firamare, da ɗan manomi, da marayan da ƙanin uba ke riƙo, wurin da za su sami na'urar da ba sai sun saya ba ɗaya ne: ɗakin karatun jami'a.

Tsarin tara kwamfutoci, da intanet, da teburan aikin haɗin gwiwa, da ma'aikaci mai jagora, duk a zaure guda cikin ɗakin karatu, ya samo asali ne daga jami'o'in Amurka. Jami'ar Iowa ta buɗe irin wannan zaure a 1992, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta bi sahu a 1994. Hikimar ita ce abin da ɗalibi ɗaya ba zai iya mallaka ba, dubu za su iya amfana da shi bi da bi. A nan gida ma an soma. Manyan ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da sashen karatu ta kwamfuta, kuma asusun TETFund na ware kaso domin bunƙasa ɗakunan karatu. Kada mu manta asalin wannan asusu: gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ce ta haifar da yarjejeniyar 1992, aka kafa harajin ilimi a 1993, aka mayar da shi TETFund a 2011. Ashe kenan kuɗin da ke sayen waɗannan na'urori gumin ƙungiya ne, kuma muna da bakin magana a kansu.

Matsayarmu ita ce, ba a auna irin wannan zaure da yawan kwamfutocin da aka jera ranar yanke kyalle. Ana auna shi da yawan sa'o'in da ɗalibi zai shiga ya tarar da wuta, da intanet, da mutumin da zai nuna masa hanya. Sayen na'ura abu ne na rana ɗaya, riƙonta kuwa na kullum ne, kuma kuɗin wuta na wata-wata yana wuyan jami'a. Tun da aka ɗaga farashin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, jami'o'i ke kokawa. Idan aka shiga tsimin wuta, ɗalibin da ke da kwamfutarsa zai koma ɗaki ya ci gaba da aiki. Wanda ba shi da ita, karatunsa ya tsaya ke nan.

Mafita ba boyayya ba ce. A 2019 an ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Ko inda ba a kai ga wannan ba, ɗakin karatu ya cancanci a ware masa nasa faifan sola da batura, ya zamanto shi ne gini na ƙarshe da zai yi duhu. A sa kuɗin gyara cikin kasafi tun ranar sayen kaya. A ɗauki ƙwararrun ma'aikatan ɗakin karatu, domin su ma malamai ne: su ke koya wa ɗalibi bambance sahihin bincike da shaci-faɗi. A tanadi lokaci da tsaro ga ɗalibai mata, da hanyar shiga ga masu buƙata ta musamman.

Mu ma akwai nauyi a kanmu, 'yan uwa malamai. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta ta koma kwamfuta, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa madannai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka nan ɗaliban tsangayar ilimi da ke layin jiran kwamfuta a yau, su ne za su gaji allinmu gobe, kuma ba za su koyar da abin da ba su taɓa ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, su tuntuɓi takwarorinsu na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu, bayan tambayar sakamako a ƙara da wannan: ƙarfe nawa ake rufe ɗakin karatu, kuma kwamfutoci nawa ke aiki? Amsoshin da muka tara su ne hujjar da za mu kai gaban hukuma.