Ra'ayinmu: Salula ta zama lalita, a kula da abin da ake zuba mata

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut da Belbeji, ya san yadda ciniki ya sake kama. A da, falke sai ya ɗaura kuɗinsa a lalita ya hau mota yana addu'a. Yau dillalin raguna yana tura hoton dabba ta WhatsApp, a yi ciniki da murya, kuɗi su shigo ta Airtel Money ko Nita, ba wanda ya taka hanyar Damagaram. Muna murna da wannan ci gaba. Sai dai ɓarawo ma ya bi kuɗin zuwa inda suka koma.

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da hatsi ta kira mu a gidan rediyo tana kuka. An turo saƙo a rukunin ƴan adashinsu cewa wai ana rabon tallafi ga mata ƴan kasuwa. Ta taɓa shuɗin rubutun da ke ƙasan saƙon, wani shafi ya buɗe ya nemi lambar wayarta da lambobin sirrinta, ta sa ɗanta ya rubuta. Kafin la'asar jika 80 na adashin mutane sun tafi. Wadda ta turo saƙon ƙawarta ce, ita ma turo mata aka yi.

Ƙofa uku ɓarayin nan suka fi bi. Ta farko ita ce irin wannan saƙo mai alƙawarin kyauta, ko tallafi, ko mega ta banza. Ta biyu ita ce manhajojin da ake tura wa juna ta Xender, ko a zuba wa mutum a rumfar caji tare da waƙoƙi da finafinai. Wata manhajar idan tana shiga sai ta nemi izinin karanta saƙonni da ganin lambobin da ke cikin waya, mai waya kuwa ya danna ya amince bai san abin da ya amince da shi ba. GB WhatsApp da matasanmu ke yayi ba ta kamfanin WhatsApp ba ce, kuma tun 2019 kamfanin yake gargaɗin zai rufe masu amfani da ita. Ta uku ita ce lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa. Wanda ya ba wani su ya ba shi sunansa, da shi za a roƙi abokan cinikinsa kuɗi.

Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet. Wanda aka cuta ya sanar da kamfanin wayarsa nan take, ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma, kada kunya ta hana shi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, kuɗin da suka fita da wuya su dawo.

Don haka, ƴan'uwa, lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Manhaja a sauke ta daga Play Store kaɗai. Saƙon kyauta kuwa, kafin ki tura wa rukuni, Hajiya, ki tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma amanar da aka yi da ke ita ce za ta sa wata ta danna.

Ba masu waya kaɗai ke da nauyi ba. Mafi yawan gargaɗin da ake aikowa rubutu ne da Faransanci, alhali da yawa daga cikin iyayenmu mata da murya suke ciniki. Muna kira ga kamfanonin waya da hukumar ARCEP da su riƙa yin gargaɗin da murya, cikin Hausa da Buzanci da Fillanci da Barbarci. Sarakunan kasuwa da uwayen adashi su riƙa jan kunne ranar kasuwa. Masu rumfar caji kuma su ji tsoron Allah, kada su zuba wa mutum abin da bai ce a zuba masa ba.

Allah ya tsare mana guminmu, amin.