Ruwan Abuja Ya Fi Ƙarfin Injiniya Shi Kaɗai

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ƙaurar da babban birnin Tarayya daga Ikko a 1976, wadatar ruwa tana cikin dalilan zaɓen Abuja. Aka gina madatsar Jabi, sa'an nan ta Usuma kusa da Ushafa, daga baya kuma aka janyo ruwan Gurara ta bututu tun daga Jihar Kaduna. Injiniyoyi sun yi nasu ƙoƙari. Amma har yau 'yan garuwa ke shayar da gidaje da dama a Nyanya da Karu da Mpape, mai hali kuwa sai ya haƙa burtsatse a gidansa.

Cikin watan Satumba 2018 ƙasa ta yi girgiza a Mpape, har hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin. Wannan ya ta da tambayar da ta kamata a yi tun tuni: ruwa nawa ake zuƙowa daga ƙarƙashin duwatsun Abuja, nawa kuma damina ke mayarwa? Mai shimfiɗa bututu ba zai iya amsa ta ba. Sai an haɗa shi da masanin duwatsu, da mai auna ruwan sama, da likitan da ke ganin masu taifot, da wanda ya san yadda manoman Gbagyi da Fulani makiyaya ke amfani da ƙoramun da ke cika Usuma.

Haka zancen ambaliya yake. Tsofaffin mazauna Sabo a Badun ba su manta da ɓarnar kogin Ogunpa ta 1980 ba, inda shara da gine-gine suka toshe hanyar ruwa. Irin wannan masifa ta auka wa rukunin gidajen Trademore a Lugbe cikin Yuni 2023. Ruwan sama bai isa a ɗora masa laifi shi kaɗai ba, akwai wanda ya sa hannu a takardar fili.

Masana kam ba a rasa su ba. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna tun 1979, ga hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya, ga NiMet, ga Jami'ar Abuja. Ya kamata Ministan Abuja ya tara su kan bincike guda, ya ware musu kuɗi a kasafi, su fara da ƙirga burtsatsen birnin da gwada ruwansu. Abin da suka gano kuma a fassara shi da Hausa da Gbagyi, a karanta a rediyo.