Kira ga Hukumomin Yaɗa Labarai: A Yi wa Ƙauyukanmu Magana da Harshen da Suke Ji

Mai girma Ministan Al'adu da Yaɗa Labarai, mai girma Gwamnan Yankin Nilul Azraƙ, masu girma Walin Jazira da Walin Sinnar, da mai girma Shugaban Hukumar Noman Jazira da ke Barakat:  Masu wannan koke jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a Mai Wurno tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da na alhazan da suka yada zango a hanyar Makka har zango ya zama gida. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, iyayenmu na cikin masu tsinkar audugar Jazira. Kukanmu guda ne: maganar gwamnati ba ta iso mana a kan kari, tamu kuma ba ta isa gare ku.

Ranku ya daɗe, mu fara da harshe. Sanarwar hukuma tana fitowa da Larabcin takarda, a kamfanin dillancin labarai na SUNA ko a shafin Facebook na ma'aikata. Matasanmu suna karantawa. Amma tsohuwar da ke rainon jikoki, da masuncin da ke kwana a tafkin Rusairis, da wanda karatunsa na allo ne, Larabcin kasuwa suke ji. Shi ya sa dattijo a Mai Wurno, da ke kama BBC Hausa safe da yamma, ya fi sanin abin da aka yanke a Abuja fiye da abin da aka yanke a Sinja, mai nisan tafiyar hantsi. Tsarin mulkin 2005, kafin a soke shi a 2019, ya amince cewa duk harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne. Muna roƙon a tsayar da rabin awa kullum, a lokaci sananne, a gidajen rediyon Wad Madani da Sinja da Damazin, a karanta sanarwar gwamnati da Hausa. Abin da muke nema wa kanmu muna nema wa maƙwabtanmu masu Fulatanci da Bartanci da sauransu, don kowa ya ji magana ɗaya a rana ɗaya.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne shirun hukuma a lokacin jita-jita. Ba mu manta da rikicin Yulin 2022 ba. Kafin a zare wuƙa a Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, an daɗe ana zare harshe a wayoyi. Takaddama ce a kan ƙasa da sarautar gargajiya, irin wadda hukuma za ta iya fitowa ta fayyace ta: ga abin da aka nema, ga abin da doka ta ce, ga abin da aka yanke. Da aka bar filin, masu saƙon murya a WhatsApp suka cika shi, wannan ya ce baƙi za su ƙwace ƙasa, wancan ya ce an shirya korar kowa. Jami'an lafiya na yankin sun ƙirga rayuka fiye da 100 a wannan wata, sannan fiye da 200 a Wad al-Mahi cikin Oktoba, dubban iyalai kuma suka watse zuwa Sinnar da Jazira da Kosti. An rasa mutane ta kowane ɓangare, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin a Janairun 2023, mun kuma yaba. To amma mutum nawa ne a ƙauye aka zaunar aka karanta musu abin da ke cikinta? Muna roƙon kowace mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ta samu jami'i sananne, mai lambar waya sananniya, wanda aikinsa shi ne ya ƙaryata ko ya tabbatar da labari kafin rana ta faɗi, da muryarsa da sunan ofishinsa, a cikin waɗannan zaurukan WhatsApp ɗin da ƙaryar ke yawo. A kuma fassara yarjejeniyar a riƙa karanta ta a masallatai da kasuwanni.

Sai batun dogaro da intanet kaɗai. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya nuna raunin wannan hanya. Gidan rediyon Omdurman, da ke magana tun 1940, ya fita daga hannun gwamnati har zuwa Maris 2024. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutum ya koma bin layi a rumfar mai Starlink, ya biya kuɗin awa guda don ya ji ko ɗansa na da rai. Wanda ke cikin wannan hali ba zai kashe mintinsa a shafin ma'aikata ba. Hanyoyin da suka riƙe mu a lokacin tsofaffi ne: liman bayan sallar Juma'a, umda da shehun ƙauye, matan da ke dafa abincin sadaka na takiyya, da mai shela da lasifika ranar kasuwa. A sa su cikin tsari. Duk sanarwar da ta shafi rai ko dukiya a kai musu ita a rubuce, a ba mai shela batir da ɗan abin hannu, a sayi rediyo mai aiki da hasken rana a ajiye a dandali.

Canjin kuɗin Disambar 2024 misali ne. An ce a kai takardun fam 500 da 1,000 banki a zuba a asusu. Buɗe asusu kuwa sai da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, mutanenmu da yawa kuma sun sha wahalar samun wannan lamba, ana neman su tabbatar da asalin kakan kakansu. Wanda bai san wa'adi ba, bai san takardun da ake buƙata ba, shi ne abincin dillali, ya miƙa gumin shekararsa a karya masa. Nan gaba, kafin a fara irin wannan aiki, a zagaya ƙauyuka a faɗi sharuɗɗa dalla-dalla, a kuma tafi da jami'an rajistar jama'a a mota ɗaya.

Mai girma Shugaban Hukumar Noman Jazira, a da manomi yana jin ranar sakin ruwa daga bakin jami'an gona, wato mufattishi da samad da gafirin tur'a. Bayan dokar Noman Jazira ta 2005 wannan igiya ta tsinke a wurare da yawa, yaƙi kuma ya ƙarasa ta. Masu aikin hawasha, wato gonaki, da mazauna kanabi, wato sansanonin ma'aikatan gona, waɗanda su ne ke tsaye cikin laka, su ne na ƙarshen ji. Haka masu noman bakin kogi: yanzu da madatsar Habasha ta sauya ɗabi'ar Nilu, buɗe ƙofofin Rusairis ko Sinnar ba tare da gargaɗi ba na iya share albasa da injin ban ruwa da kwalekwale a dare ɗaya. A riƙa sanar da jadawalin ruwa ta rediyo da saƙon waya, da sunayen ƙauyukan da abin zai shafa.

Gargaɗin lafiya ma haka yake. Tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, kuma mutane suka fara komawa gida bayan ƙwato Wad Madani ran 11 ga Janairun 2025, uwa tana buƙatar a nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, yaro kuma a nuna masa hoton harsashin da bai fashe ba, a ce kada ya taɓa, ga wanda zai gaya wa. A horar da matanmu da malamanmu su yi wannan da bakinsu.

Ranku ya daɗe, ofishin hulɗa da jama'a a yau ya fi ƙarfi wajen ɗaukar hoton wali yana yanka kirtani. Baki gare shi, ba shi da kunne. Mu kuwa muna da tambayoyi. Bayan kisan da aka yi wa maƙwabtanmu a Kambo Tayba a Janairun 2025 an sanar da kafa kwamitin bincike, kuma mazauna kanabi suna da haƙƙin a zo har inda suke a karanta musu abin da aka gano. Muna roƙon jami'in yaɗa labaran kowace mahalliyya ya riƙa zama da jama'a sau ɗaya a wata, ya rubuta koke, ya dawo da amsa a zama na gaba ko da amsar ba mai daɗi ba ce. Akwai 'ya'yanmu da suka gama Jami'ar Jazira da ta Sinnar da ta Nilul Azraƙ, masu Larabci da Hausa rangaɗau, suna zaune ba aiki. A ɗauke su a waɗannan ofisoshi. Ikon yin haka yana hannunku, kuma muna sauraron amsarku ta rediyon Damazin da Sinja da Madani.