A Fitar Da Mu Daji Da Hunturu

Ni dai ban yarda ɗalibin gandun daji ya san bishiya ba, muddin da ganye kawai yake gane ta. Bara da hunturu malaminmu ya miƙo mana reshe ba ganye ko ɗaya, duk muka yi tsuru-tsuru. Ashe danya ce, ga kan reshen nan mai kauri kamar yatsa. Hano ɓawonsa ke salewa kamar takarda, gurjiya kuwa jan fure take yi kafin ganye. Gawo ma da damina yake kaɗewa! Wanda bai san wannan ba, wallahi sai ya sa a sare ɗanyar bishiya, wai ta bushe. Amma kullum sai damina ake fitar da mu. A ƙara mana Janairu, don Allah.