Faɗakarwa ga Mai Rumfa da Mai Awo

 

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai rumfa a kasuwar Shinkafi, ko mai awo a Ƙauran Namoda, akwai wata magana da ta yawaita ga bakunanku: "Mu ƙanana ne, laifin na hukuma ne da manyan attajirai." Na yarda suna da nasu, kuma babba ne. Amma kabarinka daban, nasu daban.

A shekara ta 2024 likitocin ƙungiyar MSF sunka auna yara a Shinkafi da Zurmi, sunka tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Ga ƙasar da anka jawo wa jirgin ƙasa har Ƙaura a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga! 'Yan bindiga sun hana noma, sun aza wa ƙauyuka haraji, wannan kowa ya sani. To, manomin da ya kawo geronsa da kaka yana kuka don ya biya wanga haraji, wa ya taya masa rabin kuɗi? Ba attajirin Legas ba ne. Kai ne, kuma ka san sunan ubansa. Ka ɓoye geron har marka ta yi, sannan ka auna wa iyalinsa da tsada, da mudun da anka buge wa gindi. Suratul Muɗaffifina kuwa ka hardace ta tun kana riƙe da allo.

Kada ka ce ciniki ne da yarda. Duba Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhohinsa: wanda azzalumi ya matsa wa har ya sayar da kayansa, mashhurin zance ga Malikiyya shi ne cinikin ba ya lazimtarsa, yana da ikon karɓar abinsa. Nawa ne cikin buhunan da ke rumbunka za su tsira in anka yi wanga hukunci?

Haka sa mai arha da ka saya ba ka tambayi asalinsa ba. Ka ƙi tambaya ne domin ka san jawabin. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe kasuwannin mako, anka yanke waya a Zamfara, talaka ya sha wuya. Man fetur da burodin da ke isa daji ba aljanu ke kai su ba.

Sai zakka. Kana cewa ba ka kai nisabi ba. Yaushe ka lissafa? Mai juya haja kullum, wanda malamai ke kira mudiri, wajibi ne ya ƙiyasta kuɗin kayansa kowace shekara, ya haɗa da tsabar hannunsa da bashin da yake sa ran a biya shi, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Na tambayi 'yan kasuwa da dama a zaurena wane wata suke wanga lissafi. Kaɗan ne sunka iya faɗa mini sunan watan.