Ba Matarka Ta Kawo Tsada Ba

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana magidanta. Tun da ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa a fadamar Haɗeja, aka kuma cire tallafin mai a 2023, gidaje suka rikice.

Maƙwabcina ya karya wa matarsa hannu a kan kuɗin cefane. Da muka kai ta asibiti, sai ta ce wa likita wai santsi ne ya kwashe ta. Kuɗin magani sai da ya cinye tunkiyarsa guda. To, ina riba?

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Masu unguwanni kuma su riƙa tsawata wa maza, ba kullum a ce mace ta yi haƙuri ba.

Naka,
Wani manomi,
Haɗeja, Jihar Jigawa.